Filin Mata: Ko A Bar 'Yan Mata Su Hau Dutsen Kufena?

A makon jiya na yi muku alkawari yau za mu yi zancen shanyar tumatir da kuɓewa. To, sai ku gafarce ni, don wata takarda ta zo mini daga wajen Ikara wadda ba ta jiran wani mako.

Wata yarinya ce 'yar sakandare ta rubuto. Ta ce malamarsu ta labarin ƙasa ta shirya za ta kai 'yan ajinsu Zariya, su hau dutsen Kufena da ƙafa kafin a yi hutu. Mahaifinta ya ce shi ba ya hanawa, in dai uwar ta yarda. Uwar kuwa ta kafe, ta ce ba da 'yarta ba. Dalilinta uku ne. Na fari, dutse gidan iskoki ne. Na biyu, akwai macizai da santsi, ga kuma halin da hanyoyi su ke ciki. Na uku, me mace za ta tsinta a bisa dutse wanda babu shi a tsakar gida? Yarinyar ta ce kwana uku ke nan tana kuka, ta roƙe ni in sa baki, don uwar ba ta barin wannan fili ya wuce ta.

'Yata, share hawayenki. Amma fa kada ki zaci zan taya ki jayayya da mahaifiyarki. Wadda ta ɗauki cikinki wata tara ta fi ni, ta fi malama, sanin zafinki. Cikin dalilan nan nata uku, ɗaya gaskiya ne tsantsa, kuma za mu zo kansa. Ke kuma 'yar'uwa, uwar ɗiya, ara mini kunnenki kaɗan, in na gama sai ki yanke abin da ki ka ga ya fi.

Yadda ni na hau

Ni kaina sai da na yi aure, na haifi 'ya'ya biyu, kafin na taka dutsen nan. Biki ya kai mu Wusasa, wadda ta ke gindinsa, yamma da birnin Zariya. Kashegarin biki wasu ƙannena suka ce su za su hau, ni ma na ce ba a bar ni a baya ba. Duk kuskuren da a ke yi, ran nan na yi shi. Ba mu tashi ba sai da hantsi ya dubi ludayi. Silifa ce a ƙafata. Ko kofin ruwa ban riƙa ba, don daga ƙasa na ga abin kamar tudun bayan gari.

Kai, 'yan'uwa, ido ba mudu ba ne! Tun ba mu yi rabi ba numfashina ya koma kamar zugazugin maƙera. Na zauna sau huɗu, sau huɗun nan kuwa ina cewa na fasa. Amma da muka kai bisa na juya, sai na manta da ƙishirwa. Ga birnin Zariya kwance a gabana kamar an shimfiɗa tabarma, ga rimayensa, ga gonakin dawa har iyakar ganin ido, can arewa ga gine-ginen Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru. Shekara da shekaru ina shiga garin nan ina fita, amma sai ran nan na san inda gabas ta ke da inda yamma ta ke. Gani ya kori ji.

Saukowa kuwa, kada ku tambaya. Silifa ta tsinke, na dawo ƙasa da jan gindi, zanen bikina ya yage, aka yi mako ana mini dariya. Ban faɗi wannan don in tsorata kowa ba, sai don ku sani abin da ya wahalshe ni rashin shiri ne, ba dutse ba.

Wane irin dutse ne?

'Yan makaranta, ga abin da malamarku ta ke so ku gani da idonku. Kufena irin dutsen nan ne da masana su ke kira giranit. Kada sunan ya ruɗe ku, kun san shi tun kuna goye, don da irinsa a ke yin dutsen niƙa. Ku duba na kakarku da kyau bayan an koɗa shi, za ku ga tsaba iri uku a jikinsa: wata fara mai haske kamar ƙanƙara, wata mai ɗan ja-ja ko fari-fari, wata kuma baƙa mai ƙyalli. Tsabar nan ba ƙarfinsu ɗaya ba, shi ya sa dutsen ya ke da kaushin da zai murƙushe hatsi.

Asalinsa narkakken dutse ne can cikin ƙasa, ya huce sannu a hankali har ya daskare. Kun san yadda mazarƙwailar Kudan ta ke yi in an zuba ta a mazubi, to, kwatankwacin haka ne, sai dai shi wannan hucewar tasa ta ɗauki zamani mai tsawon gaske. Masana sun auna shekarun irin duwatsun da ke kewayen Zariya, suka ce sun kai wajen miliyan 600. Ruwan sama da rafuka suka yi ta kwashe abin da ya ruɓe a kansa da gefensa, har mai taurin ya rage tsaye shi kaɗai a fili. Har gobe kuwa ba a daina ba. In kun hau za ku ga bayansa yana ɓarewa fale-fale kamar ɓawon albasa. Rairayin da ke cikin rafukanmu, da wani sashi na ƙasar fadamun da a ke noman rake a Makarfi, daga irin wannan dutse suka fito.

Ba duk duwatsu ne ɗaya ba. Dala da Gwauron Dutse a Kano marmara ce a kansu. Na Dutsen Wai da Kudaru, waɗanda matafiyi ya ke gani a hanyar Zariya zuwa Jos ta Pambeguwa, su ma giranit ne, amma ƙannen Kufena ne nesa ba kusa ba, don ba su kai shekara miliyan 200 ba. Danginsu ɗaya da na Ririwai da na Jos, kuma a irinsu a ke samun kuza. Saboda kuzar nan ne Turawa suka shimfiɗa ƙaramar hanyar jirgi daga Zariya ta bi ta Soba da Dutsen Wai da Kudaru, ta kai Bukuru a 1914, aka rufe ta a 1957. Yarinyar da ta taɓa dutse da hannunta, ba ta manta wannan darasi ran jarrabawa.

Mata sun riga mu hawa

Yanzu ga amsar dalili na uku, watau me mace za ta tsinta a bisa dutse. 'Yar'uwa, za ta tsinci sawun kakanninta mata. A kan duwatsun ƙasar Zazzau da yawa akwai wasu ramuka masu santsi, dogaye kamar akushi, a jere bisa fa. Ba ruwa ya yi su ba. Hannun mata ya yi su, wurin niƙa. Ran da na durƙusa gaban ɗaya na shafa cikinsa, sai na yi ta tunanin kwano nawa na gero aka niƙa kafin dutse mai taurin nan ya lotsa haka. Ga kuma tsingaro barbaje, na tukwanen da wasu mata suka gina, suka yi tuwo a ciki, suka ciyad da iyali. Mutanen da sun zauna a bisa duwatsu da gindinsu ne don tsaro da kuma ruwa, mata ne kuwa masu hawa da sauka da tulu a ka.

Tarihin sarautar Zazzau ma da duwatsu ya ke tafe. Kafin birnin Zariya na yanzu ya kafu, an yi zama a Turunku, can kudu, cikin duwatsu, an kuma yi a Kufena. Har yau akwai sauran tsohuwar ganuwa a wuraren nan biyu. Masu ba da labari sun ce Bakwa Turunku ya hau sarauta wajen 1536, kuma 'ya'yansa su ne Amina da Zariya, wadda aka sa wa birnin sunanta. Masana sun saɓa a kan zamanin Amina, waɗansu sun sa ta a ƙarni na 15, waɗansu a na 16. Amma zancenta ba tatsuniya kaɗai ba ne, don Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ambace ta da yaƙe-yaƙenta cikin littafinsa Infaƙul Maisuri. To, ƙasar da ta ke tutiya da Amina, yaya za ta ce 'ya mace ba ta hawa tudu?

Akwai kuma abin da ya sa na ke cewa a yi hanzari. Masu fasa dutse don tsakuwar gini suna ta cin duwatsun ƙasar nan da nakiya. Fa ɗin da uwayenmu su ke shanya barkono a kai, yau ki je ki tarad da rami. Abin da yara ba su sani ba, ba za su tsaya masa ba in sun girma.

Zancen iskoki

Gaskiya ne a zamanin da, kafin addini ya zauna sosai, mutane sun riƙi manyan duwatsu wuraren tsafi. An yi haka a Dala, an yi a Kufena. Tsoron nan ne muka gada, ko da ya ke mun bar tsafin. Ni dai ba malama ba ce, saboda haka ba ni shiga abin da ya fi ƙarfina. Yarinya ta yi addu'arta kafin ta fita gida, ta yi bisimilla kafin ta hau, kamar yadda ta ke yi in za ta shiga mota ko kasuwa.

Amma bari in faɗi abin da na gani. Sau da yawa yarinyar da aka ce iska ta buge ta a kan dutse, rana ce ta buge ta. Ta fito ba ta karya kumallo ba, ba ta sha ruwa ba, dutse ya ɗauki zafi kamar tanda, sai jiri ya kwashe ta ta faɗi. Maganinta inuwa, a sassauta mata tufafi, a yayyafa mata ruwa, a yi mata fifita. In ta farfaɗo tana iya haɗiya, a ba ta ruwan gishiri da sukari kaɗan-kaɗan: ruwa mai tsabta lita 1, sukari ƙaramin cokali 6, gishiri rabin ƙaramin cokali. In ba ta dawo hayyacinta da wuri ba, sai asibiti, ba jira. Muryar da ke maimaita magana a tsakanin duwatsu kuwa amsa-kuwa ce, taki ce ta dawo miki.

Inda uwa ta yi gaskiya

Dalili na biyu shi ne babba, kuma ba na rage masa komai. Dutse yana da haɗari. Bari in ba ku misali daga nesa. A kudu maso yammacin Ingila akwai wani daji da a ke kira Datmo. Tudu ne mai faɗi, ba itatuwa sosai, sai ciyawa da laka da hazo da sanyi, da tulin duwatsun giranit a kan kowane tozo. Mafi tsawonsu mita 621 ne daga teku, watau kusan daidai da inda garin Zariya kansa ya ke zaune. Bai ko kama ƙafar duwatsun Shere na Jos ba, masu mita 1,829, balle Chappal Waddi na jihar Taraba, wanda ya fi kowane tsawo a Nijeriya da mita 2,419.

Tun 1960 sojan ƙasar su ke shirya wa yara wata tafiya a dajin nan, a cikin watan Mayu. Yara wajen 2,400, maza da mata, 'yan shekara 14 zuwa 19, a kan raba su shida-shida. Kowace ƙungiya za ta taka duwatsu goma cikin kwana biyu, tafiyar mil 35, ko 45, ko 55, gwargwadon shekarunsu. Su ke ɗaukar abincinsu da tantinsu, su kwana a daji, su nemi hanya da taswira. A 2007, wurin koyon tafiyar, wata yarinya 'yar shekara 14 ta rasu, rafi ya cika da ruwan sama ya tafi da ita. Ƙasar duka ta yi baƙin ciki, aka yi bincike. Ba a soke tafiyar ba, sai aka ƙara tsananta dokokinta. Ina ganin nan ne hankali ya ke. Wuta tana ƙuna, amma ba mu hana 'ya'yanmu shiga madafi ba, koya musu muka yi.

Sharuɗɗa goma

Saboda haka, 'yar'uwa, maimakon ki ce a'a daga ɗaki, yafa mayafinki ki je wurin malama da waɗannan sharuɗɗa. Sauran uwaye ma su yanke wannan shafi su ajiye.

1. A tambayi lafiyar hanya da ta wurin tukuna. Shekarun nan an sha fama da 'yan bindiga a sassan jihar Kaduna. A nemi izinin mai unguwa ko dagaci, a sanad da 'yan sanda, a ɗauki ɗan gari wanda ya san hanyar dutsen. In suka ce ba yanzu ba, to, ba yanzu ba.

2. A zaɓi lokaci. Bayan ɗaukewar ruwa, daga Nuwamba zuwa Janairu, shi ya fi. Da damina dutse yana santsi kamar an shafa masa karkashi, ga tsawa tana son wuri mai bisa. Da bazara kuwa zafinsa ya wuce misali.

3. A fara hawa da sassafe, a sauko kafin rana ta take. A koma gida da sauran haske, ban da tafiyar dare.

4. Kowace yarinya ta karya kumallo, ta riƙe ruwa lita 2 nata na kanta, da ɗan guzuri mara nauyi: dabino, gyaɗa, ƙuliƙuli, mazarƙwaila.

5. Takalmi kambas mai igiya. Ban da silifa, ban da mai tsini. Ku tuna da ni!

6. A sa wando a ƙarƙashin zane ko siket. Hijabi kada ya kai ƙasa, don yana harɗe ƙafa, iska kuma tana cika shi. Hannu biyu su zama ba komai a cikinsu, kaya a goya a baya.

7. Babbar mace ɗaya ga kowaɗanne yara goma. Mai nawa ita ce a gaba kusa da ja-gora, malama ɗaya a can baya. A ƙidaya yara a gindin dutse, a ƙidaya a bisa, a ƙidaya a bakin mota.

8. Ban da sa hannu cikin kogo ko tsaga, ban da jifa, ban da turare mai ƙarfi, saboda macizai da zuma. In maciji ya sari wata, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau. A cire mata zobe da awarwaro, a hana gaɓar motsi, a ɗauke ta zuwa asibiti nan da nan. Malama ta san asibitin da za a nufa tun kafin a tashi, wayarta kuma da caji.

9. Ban da tsere, ban da tsayawa bakin gaɓa don ɗaukar hoto. Saukowa ta fi hawa haɗari, don ƙafa ta gaji, hankali ya koma gida. Sannu ba ta hana zuwa.

10. Abin da aka tarar a bar shi inda ya ke. Kada a kwashi tsingaro, kada a rubuta suna da fenti, kada a yar da leda.

In malama ta cika waɗannan, ni a ganina a bar yarinya ta tafi. In ba ta cika ba, ni ma ina bayanki, kada ta je. Da ma abin da ya fi duka, ki ce ke ma za ki bi su, ki zama ɗaya daga cikin manyan matan da za su lura da yara. Maigida ba zai ƙi ba, tun da shi ya miƙa miki maganar. Na tabbata malama za ta yi murna, don hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Abin da tafiyar yini guda kan haifar

Zan rufe da labarin wata mata 'yar ƙasar Japan, Junko Tabei. Tana da shekara 10 malaminsu ya kai 'yan ajinsu hawan wani dutse, kamar dai yadda wannan malama ta ke so ta yi. Yarinya ce ƙarama mara ƙarfin jiki, amma abin ya shiga ranta. Da ta girma ta kafa ƙungiyar mata masu hawan dutse a 1969. Ran 16 ga Mayu 1975 ta zama mace ta farko da ta taka ƙololuwar Eberes, dutsen da ya fi kowane tsawo a duniya, mita 8,849. A lokacin matar aure ce, da 'yarta ƙarama a gida. Ta rasu a 2016.

Ba na cewa 'ya'yanmu su tafi Eberes. Abin da na ke cewa shi ne, yarinyar da ta ga abu ya yi mata tsawo, ta yi shiri, ta taka shi da ƙafarta har ta kai, ta koyi abin da zai yi mata amfani ran jarrabawa, da ran haihuwa, da ran da zaman duniya ya yi mata tudu.

Ke kuma 'yata, ga naki. Kai wa mahaifiyarki wannan shafi da ladabi, bayan kin gama aikin gida, ba da kumburin fuska ba. In ta yarda, ki gode mata, ki kiyaye sharuɗɗan nan ɗaya bayan ɗaya. In kuwa ta ce har yanzu hankalinta bai kwanta ba, ki yi biyayya, kada ki saci hanya. Dutsen da ya yi shekara miliyan 600 yana tsaye ba zai gaza jiranki ba. Kafin nan ki roƙe ta ku je fa mafi kusa da garinku tare, ran da za a kai shanya, ki nuna mata tsabar nan uku a jikin dutse, ita kuma ta nuna miki yadda a ke riƙe ɗan dutsen niƙa. Kowa ta ƙaru da 'yar'uwarta.

Waɗanda suka je Kufena, ina jiran takardunku. Ku gaya mini abin da kuka hango, da ramukan niƙa nawa kuka ƙidaya. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, sai zancen shanyar tumatir da kuɓewa. Ku huta lafiya.

Taku,
Gwaggo